Rubutun da Na Kankare a Al Quoz

Hafsat, ke da ƙannenki kun taso kuna jin ana cewa babanku ya yi suna a Dubai, har Larabawa masu tsofaffin motoci suna kiransa Mu'allim, suna ba shi kujera a gaba. Gaskiya ne an kira ni haka, kuma na zauna a kujerar. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne wanda aka tayar kafin in zauna. Yanzu gwiwa ta ƙi tsuguno, ido kuma ba ya bambance baƙin fenti da shuɗi mai duhu, ba ni da sana'ar da ta wuce tuna baya, kuma duk inda tunanin ya zaga sai ya dawo ya tsaya a shekarar 2017. Kunya nake ji ina rubuta wannan. Na faɗa tun yanzu don kada ku sha wahalar nemanta a tsakanin layuka.

Na koyi bugun jikin mota da fenti a Ƙofar Ruwa, a hannun wani dattijo da muke kira Oga Tanimu, mutum mai faɗan tsiya da hannu mai albarka. Idan ka gama mota ka kira shi ya duba, ba ya kallon ƙofa, ba ya kallon bonet. Baya yake zagawa ya buɗe but, ya cusa kai ciki, ya shafa ƙarƙashin murfin da yatsa. In ya ji tsatsa ko ƙaiƙayin tsohon fenti, ranar ka shiga uku.

"Mai mota waje zai duba," haka yake cewa, "ni ciki nake dubawa. Wanda ya bar datti a inda ba a gani, ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna."

Da wannan tarbiyya muka tashi. A wurinmu ƙwararre shi ne wanda zai yi maka abin da ka sa shi, sannan ya ƙara maka wanda ba ka sa shi ba, kamar yadda mai awo ke ƙara maka tafi ɗaya bayan mudu ya cika. Ba a mayar wa mutum mota da tabo. Tsohuwa kuma, in ta shigo hannunka, darajarka ita ce ta fita kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Na yi shekara talatin ina cin abinci da wannan ƙa'ida, ba ta taɓa ba ni kunya ba sai sau ɗaya.

A Dubai ina aiki a wani gareji a Al Quoz, unguwar da ba komai a cikinta sai rumbunan kaya da garejoji da ƙarar injin yankan ƙarfe. Ni ne shugaban ɓangaren fenti, albashina ya kai in kawo iyali, shi ya sa muka zauna a fulat ɗin nan na Al Nahda da kuke tunawa, wanda muke raba falo da wasu mutanen Sudan. Ku duka biyar, har da mahaifiyarku Rabi, a kan bizata kuke. Ranar da aikina ya tsaya, ranar za a fara ƙirga mana kwanakin tattara kaya. Ke kuma Hafsat kina ajin ƙarshe na sakandare a shekarar, saura 'yan watanni ki zauna jarrabawar fita. Ku riƙe wannan, ba don ya wanke ni ba, sai don ku san abin da na ɗora a kan sikeli.

Abokin aikina na kusa shi ne Seidu, mutumin zangon Kumasi, wanda kuke kira Baba Seidu. Makaniki ne na gaske, yana gane ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe bonet, kuma ya iya walda da fenti daidai gwargwado. Sa'ana ne, ko ya girme ni da kaɗan. Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, mota ma "ya" yake ce mata, ni kuwa ba na gajiya da tsokanarsa a kan haka. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin ma'aikata, iyalinsa suna gida, kuma ba mutum ne mai yawan zancensu ba. Ka ce masa ya iyali, ya ce suna lafiya, shi ke nan. Duk Juma'a bayan masallaci a gidanmu yake cin tuwo, ya zo da kwalbar yajinsu na Ghana mai baƙin mai, ya ce miyar Rabi ta yi daɗi amma ba ta da faɗa.

Garejinmu ya dogara ne da wani kulob na masu tsofaffin motoci. Farkon ganina da su na ɗauka taɓin hankali ne na masu hali. Mutum yana da sabuwar mota uku a gida, amma ya tashi da sassafe ranar Juma'a a lokacin sanyi, ya tuƙo wata akwala wadda a Kano ko ɗan tasha ba zai yarda ya yi lodi da ita ba, ya je filin ajiye motoci, ya ɗaga bonet, ya tsaya a gefe yana shan shayi kamar uban amarya. Wasu su zo su leƙa, su yi ta gyaɗa kai. In rana ta ɗaga sai su jera su nufi hanyar duwatsu, su ci abinci, su dawo. Akwai Larabawan ƙasar, akwai Turawa, akwai Indiyawa, kuma a filin nan babu mai tambayar aikinka, shekarar motarka ake tambaya. Sau ɗaya a shekara suna gasa, alƙalai su zo da tocila da ɗan madubi a bakin sanda suna leƙa ƙarƙashin mota, suna duba ko lambar da ke jikin inji ta dace da wadda aka fito da motar da ita. Ni a lokacin ban fahimci abin da suke nema ba. Na ɗauka tsabta suke nema.

Motar da suka fi ji da ita ita ce Mustang, 'yar Amurka mai hoton doki yana gudu a goshinta. A bakinsu na ji tarihinta, don ba sa gajiya da faɗa. An fito da ita a 1964 saboda samari, mota mai dogon bonet da gajeren baya, wadda ɗan ma'aikaci zai iya saya ya ji shi ma wani ne. Kowace shekara sai a ƙara mata girman inji, har ta zama ba ta wuce gidan mai ba ta gaisa ba. Da man fetur ya yi tsada a shekarun saba'in sai aka rage mata inji da jiki, ta koma abin tausayi, shi ya sa masu kulob ba sa kallon sai na shekarun farko. Wani Bature a cikinsu yakan tsokani Larabawan ya ce, ku kuka rufe famfon mai kuka kashe ta a can, sannan kuka bi gawar kuka saye. Su kuma su yi dariya su ce ai sun yi mata sutura mai kyau.

A watan Nuwamba aka kawo mana irinta, ƙirar 1967, koriya mai duhu, fentinta ya dushe kamar tsohuwar darduma. Mai ita wani dattijo ne ɗan ƙasa da ake kira Abu Rashid, mutum mai sanyin magana, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin. Aikin da ya kawo kaɗan ne: birki, kafireta, da wata 'yar tsatsa a ƙasan ƙofa. Mai garejin, wani mutumin Sham da muke kira Mudir, ya rubuta katin aiki da sunan Seidu, ya ja layi biyu a ƙarƙashin cewa kada a taɓa fentin jiki. Na karanta, na ce a raina ai jiki suka ce. Da na buɗe but don ɗauko jak, sai na ɗaga kai na ga ƙarƙashin murfin. Tsatsa ta ci gefe, sannan an cika tsakiyar da wasu rubuce-rubuce na Larabci, wani da fensirin kafinta, wani da shuɗin fenti, layi a kan layi, duk sun koɗe. Na ɗauka irin abin da direbobinmu ke yi ne, su rubuta ranar da aka canza baƙin mai. Ni da na yi allo, na kai har izu ashirin, ban tsaya na karanta ko layi ɗaya ba. Abin da na ji kawai shi ne yatsan Oga Tanimu yana shafa wurin. Kuma kada in yi muku ƙarya, akwai kwaɗayi a ciki. Na so dattijon nan ya buɗe but a gaban 'yan kulob, su tambaya wane ne ya yi wannan aikin, a ce wani Bakano ne.

Ranar Juma'a ba a aiki, amma ina da mabuɗi. Na je da hantsi ni kaɗai, na kwance murfin, na sa samfefa na kankare cikinsa har sai da farin ƙarfe ya fito. Na haɗa koren fenti da ido, na fesa, na gasa, na mayar. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Na wuce masallaci ina jin daɗin kaina, na dawo gida muka ci tuwo da Seidu, ban ce masa komai ba don ina so ya gani da idonsa.

Da safiyar Asabar ya buɗe but ɗin. Ina tsaye a bayansa ina jiran yabo. Ya daɗe bai juyo ba.

"Massa, wa ya yi aikin ga?" ya ce. Massa yake kirana, wato oga a bakin 'yan Ghana.

"Ni ne mana. Ya ka gani?"

"Ka karanta abin da ke wurin kafin ka goge?"

"Lissafin baƙin mai ne, me zan karanta?"

Sai ya zauna a kan taya ya gaya mini. Shi ya karanta, kuma ranar da aka kawo motar Abu Rashid ya nuna masa da kansa. Motar ta mahaifin Abu Rashid ce, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya saba rubuta abin da ya faru a jikin katakon jirgi. Da ya bar teku ya sayi mota sai ya ci gaba da al'adarsa a cikin but. Duk ɗan da aka haifa masa, ranar da aka ɗauko shi daga asibiti a motar sai ya rubuta sunansa. Akwai ranar da suka tafi Hajji ta ƙasa. Layin ƙarshe, mai shuɗin fenti, ranar da matarsa ta rasu ce. Tsohon bai bar wasiƙa ko littafi ba, wannan ne kaɗai rubutun hannunsa da ya rage a duniya.

Garin gyaran gira na cire ido. 

"Gobe mai mota zai zo," in ji Seidu. "Ka je gida ka yi tunani."

Da la'asar na gaya wa mahaifiyarku a kicin, murya ƙasa-ƙasa don kada mutanen Sudan su ji. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, ai sai ka faɗa. Kai ka yi."

"In na faɗa, Mudir zai kore ni kafin azahar. Kulob ɗin nan su ne garejin."

"To wa za a ce ya yi?"

Ta gane da kanta, don ta san sunan wa ke kan katin. Ta kalli ƙofar ɗakin da kike karatu, Hafsat, muna jin muryarki kina haddar darasi. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da juya miya. Ba na ɗora mata komai. Ta faɗi gaskiya sau ɗaya, kuma sau ɗaya ya isa ga namijin da ke da niyyar ji.

Abu Rashid ya zo ranar Lahadi da hantsi. Ya saurari inji ya yi murmushi, ya taka birki ya ce madalla. Sannan ya zaga baya ya buɗe but, kamar yadda ashe yake yi duk lokacin da motar ta kwana a wani wuri. Bai yi ihu ba. Ya sa tafin hannu a kan sabon fentin yana shafawa a hankali, kamar mai neman ƙofa a jikin bango. Sai ya juyo gare ni, tunda ni ne shugaban fenti.

"Ya Mu'allim, in an cire wannan na sama, na ƙasan yana nan?"

"Babu, ranka ya daɗe," na ce. "An kankare shi har ƙarfe."

An kankare. Haka na faɗa, kamar wanda ya zo ya tarar.

Mudir ya kira mu ofis, ni da Seidu, fuskarsa ta yi ja. Kyamarar ɗakin fenti ta daɗe da makancewa saboda ƙurar fenti, don haka babu shaida sai bakinmu. Ya buga tebur ya ce wane ne. Seidu ya juyo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon mai ba ka hanya ne ka fara wucewa. Ya jira. Ni kuwa na sami wani ɗigon fenti a kan takalmina na zuba masa ido. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, na ji wani yana buga guduma a waje.

"Katin aiki, sunana ne a kai," in ji Seidu.

Ko a nan bai yi ƙarya ba. Mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare, Seidu ya tattara kayansa ya bar garejin. Abu Rashid ya ce shi bai nemi a kori kowa ba, abin da ya tafi ya tafi, amma Mudir yana tsoron abin da 'yan kulob za su ce, bai saurara ba. Na raka Seidu har inda yake ajiye akwatin sifanunsa, ina ta motsa baki. Ya ɗaga mini hannu.

"Yarinyar ya kusa gama makaranta. Bari ya gama."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Rabi ta zuba tuwo har da kwanonsa, ta rufe ta ajiye. Kika tambaya ina Baba Seidu, na ce ya sami wani aiki mafi kyau a Deira. Aikin da ya samu shi ne ɗaurin kaya a Murshid Bazaar, inda 'yan kasuwarmu ke sayen kaya a dunƙule su aika gida. Mutumin da ke jin ciwon inji da kunne ya koma ɗaukar katan a kafaɗa yana cusawa a buhun kago, yana hawa bene yana sauka, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Na daina zuwa Deira gaba ɗaya. In Rabi tana son kayan miya daga can sai in ce cunkoso ya yi yawa. Ita kuma ta yi wata uku tana zuba kwanon nan duk Juma'a, ba ta ce mini uffan ba, da yamma ta juye wa mai gadi.

Tsuntsun da ya ja ruwa, an ce, shi ruwa kan doka. Ni dai ban jiƙe ba. Mudir ya damƙa mini motar in ƙarasa, na gyara tsatsar ƙofar yadda ko alƙali mai madubi bai gane wurin ba. Abu Rashid ya yaba, ya fara aiko mini da abokansa, daga baya ya ce in riƙa zuwa filin Juma'a. Kika ci jarrabawarki, kika wuce jami'a. Ni kuma na zama ɗan gida a kulob. Na koyi abin da ban sani ba, cewa su ba sabo suke nema ba, na asali suke nema, ko da ya tsufa ya yi tabo. Na koyi gane alamar alli da ma'aikacin masana'anta ya yi a jikin ƙarfe shekara hamsin baya, na koyi cewa ba a goge ta. Har aka kai ana riƙa mini madubin in leƙa in faɗi ra'ayina. In sabon ɗan kulob ya sayi mota, sai a ce ya je ya ji nasiha wurin Mu'allim kafin ya kai ta gareji. Kuma ina da labarin da nake ba su don su ji tsoro. Labarin wani ma'aikaci ɗan Ghana ne da ya ga rubutu a cikin but ya ɗauka datti ne. Na iya ba da shi ƙwarai, ina kwaikwayon Hausarsa da Turancinsa, ina nuna yadda ya tsaya yana jiran a yaba masa. In Abu Rashid ba ya kusa, har dariya ake yi.

Wata Juma'a a farkon 2019 na ba da labarin a gaban mutum shida ko bakwai, muna tsaye a gefen wata jar Mustang. Na kai ƙarshe, aka yi dariya, aka watse. Sai aka miƙo mini kofin shayi ta gefen kafaɗa. Na karɓa, na ɗaga kai in yi godiya. Seidu ne, sanye da rigar masu kawo kujeru da shayi wurin taro, ashe aikin da yake ƙarawa da shi ke nan ranar hutu. Ya rame, kuma yana tsayuwa a karkace kamar mai ciwon baya.

"Massa, ka iya labari paa," ya ce. "Amma Hausana bai lalace haka ba."

Na ce, "Seidu..."

"Ya yarinyar? Ya shiga jami'a?"

"Ta shiga."

"Alhamdu lillahi. Sha shayinka, zai huce."

Ya ɗauki tirensa ya wuce. Abu Rashid yana zaune bai fi taku ashirin daga inda nake ba. Ƙafa biyu gare ni, kuma a lokacin gwiwar lafiyarta ƙalau. Na sha shayin. Abin da na iya yi kawai shi ne ban sake ba da labarin ba, na riƙa jin wannan ma wani abin kirki ne na yi. Ku dubi ƙanƙantar mutum in ya so ya yi wa kansa sassauci.

Da annoba ta zo a 2020 kasuwa ta tsaya, na ji a bakin wani ɗan kago cewa Seidu ya koma gida. A shekarar da ta biyo baya ido ya fara ba ni matsala, na ajiye aiki, muka fara haɗa kaya. Sai a lokacin, da babu sauran abin da za a iya ƙwace mini, na sami ƙarfin hali. Ku lura da wannan, kada wani ya ce muku jarumta ce. Na je gidan Abu Rashid da safe, na same shi a rumfar motocinsa, na gaya masa komai a tsaye. Ya saurara har na gama.

"Rubutun mahaifina na haƙura da shi tuni," ya ce. "Na haddace shi, na rubuta wa jikokina a takarda. Amma shekara huɗu kana shan shayina, mutumin nan kuwa ya ƙare da ɗaukar kaya a Deira?"

Na ce haka ne.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Nemo shi. Ka ce ya dawo ya kula da motocina, ni zan yi masa biza."

Na sha wahala kafin in sami lambarsa a wurin 'yan zango. Na kira da hantsi, wata budurwa ta ɗauka, ina jin hayaniyar titi da ƙarar cokali a jikin tukunya. Ta ce Baba ya je alwala, wa ke magana. Na ce Lawan ne daga Dubai. Sai muryarta ta washe.

"Baba Lawan mai tuwon Juma'a? Baba yana zancenka kullum. Ya ce kai ka riƙe shi a can kamar ɗan'uwa."

Na tambayi sunanta, ta ce Hawa. Na ce karatu take yi ko aiki. Ta ce da tana makarantar koyon aikin jinya, ta yi shekara ɗaya, sai Baba ya yi wani kuskure a wurin aiki aka sallame shi, abin da yake aikowa ya daina isa, ta dawo gida. Yanzu shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi, kuma Alhamdu lillahi ana ciniki. Ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. A shekara huɗu da muka yi muna cin tuwo tare da ubanta, ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba.

Da Seidu ya karɓi wayar na gaya masa na faɗa wa Abu Rashid gaskiya, na gaya masa saƙonsa. Ya yi 'yar dariya ya ce a gode masa, amma bayansa ya riga ya lalace, ko sunkuyawa a kan inji ba ya iyawa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ofishin Mudir, in ba haka ba da bai buɗe baki ba. Sai na ce to ya ba ni Hawa in gaya mata da bakina cewa ubanta bai yi kuskuren komai ba, ko wannan kaɗai in wanke masa. Na ji ya taka ya yi nisa da hayaniyar, ya rage murya.

"Massa, kar ka yi. Shi ya san kuskure na yi, ya yafe mini tuntuni. In ya ji da sanina na zaɓi ɗiyar wani na bar nawa, ban san ko zai yafe ba."

Ban gaya mata ba, kuma ku ma ban yarda ku gaya mata ba muddin yana raye. Na tambaye shi shekarunta kafin mu ajiye waya. Hafsat, wata huɗu ta ba ki.